Lauyoyin nan masu bin kes ɗin waɗanda aka tsare ba shari'a: yadda na ga aikinsu

Mutane sun dame ni da tambaya a kan ofishin lauyoyin nan na Maiduguri masu karɓar kes kyauta, na waɗanda jami'an tsaro suka ɗauka da sunan ta'addanci aka ajiye su ba a kai su kotu ba, wai da gaske suna aiki ko dai irin ƙungiyoyin nan ne da za su rubuta sunanka su ɗauki hoto da kai shikenan ka daina ganinsu. Toh amsata ita ce suna aiki. In kana da ɗan uwa a tsare ka je wajensu tun da wuri, amma dan Allah kar ka je da tunanin sati biyu za su fito maka da shi. Ba zan kama sunan ofishin ba sabida akwai inda zan yi musu ƙorafi, kuma har yanzu fayil ɗin mutane da yawa na hannunsu. Mai buƙata in ya tambaya a harabar kotu ko wajen matan da mazajensu ke tsare za a kwatanta masa.

Ni kes ɗin ƙanina ne ya kai ni. Shagon cajin waya yake da shi, yana sayar da kati yana tura wa mutane karatu da waƙa a memori, irin shagon da kowa ke shigowa ya ajiye waya ya karɓi lamba ya tafi. Aka zo aka tafi da shi da daddare, wai wata waya da ake bibiya ta kwana a shagonsa. Daga nan sai shiru. Duk inda muka je a ce ba ya nan, wani wajen ma ba za ka iya matsawa kusa da get ɗin ba balle ka yi tambaya. A wannan tsakanin ne 'yan "na san wani oga" suka same mu, wannan ya ce a kawo na mai, wancan ya ce ya gan shi da idonsa yana nan lafiya a ba da na sabulu da magani zai shigar masa, Umma har ɗan kunnenta na gwal ta sayar. Ko allura ba ta isa gare shi ba, sai da ya fito muka sani. Shi yasa abu na farko da zan yaba wa ofishin nan shi ne tun ranar farko suka ce mana kar mu ƙara ba wa kowa ko sisi, kuma su kansu ba su taɓa cewa a kawo wani abu a kai wa wani babba ba.

Ofishin ba wani abin kallo ba ne. Ɗaki biyu da baranda, dogon benci, fanka ɗaya da ke aiki in akwai wuta. Yawanci mata ne a kan bencin, tsofaffi da masu goyo, kowacce da baƙar leda a hannu ta ƙulle fasfo ɗin ɗanta ko na mijinta a ciki, wasu hoton duk ya koɗe sabida yawan fitarwa da mayarwa. Akwai wani yaro sakatare mai babban littafi, yana jin Hausa da Kanuri da ɗan Larabcin Shuwa, shi ke fara ɗaukar bayani kafin ka ga lauya. Wadda ta riƙe namu kes ɗin mace ce, ba ta da yawan fara'a kuma ba ta ɓata lokaci. Na fara mata dogon bayani cewa yaron nan ko kaza bai taɓa yankawa ba, sai ta ɗaga hannu ta ce "Malam, na yarda, amma kowa haka yake faɗa kuma alƙali ba zai yi aiki da shi ba. Faɗa min ranar, da ƙarfe nawa, da irin motar, da kayan da ke jikinsu, da wanda ya gani da idonsa." Da ta juya wajen Umma kuma sai muryarta ta sauka, ta ce "Mama ki yi haƙuri, ba zan miki alƙawarin rana ba, abin da zan miki alƙawari shi ne sai mun sa sun amsa a rubuce ko yana hannunsu." Umma ta ce "Allah ya yi miki albarka 'yata, ko wannan ma ya ishe ni yanzu."

A wajenta na fara jin abin da tsarin mulkin 1999 ya ce, kuma wallahi raina ya ɓaci da na ji sabida ashe duk a rubuce yake. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama dole a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24 da yaren da yake ji, yana da damar yin shiru har sai ya ga lauya, kuma a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu kwana biyu. In an tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya harda neman afuwa a bainar jama'a. Dokar shari'ar laifuka ta 2015 kuma ta hana a kama wani a madadin wani, wato a zo neman miji a rasa a tafi da mata ko ƙani, abin da duk wanda ya zauna a garin nan ya san an sha yi. Akwai ma dokar hana azabtarwa ta 2017. Ta ce min amma kar na ɗauka hanya a share take, shi sashe na 35 ɗin ya yi togiya a kan laifin da hukuncinsa kisa ne, kuma da zarar an liƙa wa mutum kalmar ta'addanci nan lauyoyin gwamnati ke fakewa.

Yadda suke aikin shi ne su fara da wasiƙa zuwa hukumar da ake zargin ta kama mutum, su ajiye kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. In ba amsa, kuma galibi babu, sai su shigar da ƙarar kare haƙƙin ɗan adam a babbar kotu. Ƙa'idojin 2009 na irin wannan ƙara sun sauƙaƙa abin sosai, ba sai wanda aka tsare ya sa hannu da kansa ba, ɗan uwa ko ƙungiya na iya shigarwa a madadinsa, kuma ba a cewa lokaci ya wuce. Wannan ya kamata kowa ya sani sabida na haɗu da matar da ta zauna shekaru tana ganin ai tunda abin ya daɗe ba sauran magana. Ni na yi takardar rantsuwa. Inda aka sha wuya shi ne shaida, maƙwabcinmu mai shayi da komai ya faru a gabansa ya ce min "Yaya ka yafe ni, ina da yara," kuma ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Barista da kanta ta taka har teburinsa bayan la'asar, ta zauna a benci ta sha shayi ta yi masa bayanin abin da za a rubuta da wanda ba za a rubuta ba, ba ta matsa masa ba, daga baya shi ya zo ofishin da ƙafarsa. Wannan zuwan nata ban manta da shi ba, ba aikin da za ka samu wajen wanda ke jiran albashi kawai ba ne.

Sai zaman kotu, ko in ce ɗage zaman kotu. Yau lauyan gwamnati bai zo ba, gobe ya zo ya ce bai samu umarni daga sama ba, jibi alƙali ya tafi taro, ana nan sai hutun kotu na shekara ya shigo. Amma ranar da suka kawo amsarsu a rubuce, ranar ce kes ɗin ya juya. Mutanen da suka yi ta ce mana ba su san shi ba sai ga takarda da sunansa a jiki, sun rantse yana hannunsu, wai ana kan bincike. Barista ta miƙo min ta nuna layin da yatsa. Na karanta sunan na sake karantawa, na fita waje na kira Umma na ce mata yana raye. Duk wanda bai shiga irin wannan ba ba zai gane ba, kafin ranar ba mu san ko zaman makoki za mu yi ko jira ba, matarsa ba ta san matsayinta ba. A ganina wannan shi ne babban abin da ofishin nan ke iya yi maka, su mayar da wanda ya ɓace ya zama mutum mai suna a fayil ɗin kotu wanda wani jami'i ya sa hannu cewa yana wajensa. Daga ranar in wani abu ya same shi akwai wanda za a tambaya.

A jikin amsar tasu sun maƙala odar kotu da suka ce ita ta ba su damar riƙe shi, kuma a nan na gane inda aka yi mana illa a ƙasar nan. Dokar yaƙi da ta'addanci ta 2011 da aka yi wa gyara a 2013 ta ba jami'an tsaro damar zuwa gaban alƙali su kaɗai, ba wanda ake zargi ba lauyansa, su karɓo izinin tsare mutum kwana 90, in ya ƙare su sabunta. Sabuwar dokar 2022 ta mayar da shi kwana 60, shi ma ana sabuntawa. Toh ina kwana ɗaya ko biyu na tsarin mulki, ina kwana 60 da ake ta ƙarawa? Kuma namu ma odar an karɓo ta ne can baya bayan ya daɗe a hannunsu, ta kuma ƙare ba a sabunta ba, a kan wannan Barista ta kama su.

Kar wani ya ce min ina kare 'yan Boko Haram. Mu aka kashe wa 'yan uwa, mu muka kwana a ƙarƙashin gado, mu muka zauna watanni ba layin waya lokacin dokar ta-ɓaci ta 2013 a Borno da Yobe da Adamawa, kuma na san sojoji da 'yan sanda da yawa sun bar marayu a kan tsare garin nan, Allah ya jiƙansu. Wanda ya ɗauki bindiga a kai shi kotu a yanke masa abin da ya dace da shi, ni zan fi kowa murna. Abin da nake cewa a kai shi kotun. A rahoton da Amnesty International ta fitar a watan Yuni 2015 ta ce an kama mutum aƙalla 20,000 tun 2009, kuma sama da 7,000 sun mutu a tsare a hannun soja tun 2011, da yawa sabida yunwa da ƙishi da cunkoso da rashin magani. Rundunar soja ta musanta. Amma ba ka buƙatar rahoton kowa in ka zauna a bencin ofishin nan na yini ɗaya. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ƙirga yara sama da 3,600 da aka tsare tsakanin 2013 da farkon 2019. Yara fa.

Kuma da gwamnati ta tashi yin shari'ar da kanta me aka gani? A Oktoba 2017 aka fara zaman Kainji a jihar Neja, cikin barikin soja, mutum 1,669 ke jira. Zagayen farko da aka yi ba 'yan jarida an ɗaure 45 aka sallami 468. A Fabrairu 2018 aka ɗaure 205 aka sallami sama da 500 sabida ba hujjar da za a gurfanar da su. Ka duba wannan lissafin da kyau, waɗanda aka saki sun ninka waɗanda aka ɗaure, kuma mutane ne da suka yi shekaru a kulle kafin wani ya buɗe fayil ɗinsu. Cikin waɗanda aka ɗaure ɗin ma akwai waɗanda laifinsu bai wuce sun sayar wa 'yan ƙungiyar kaya ko ba su kai rahoto ba, mutumin ƙauye da bindiga ke kansa ina zai kai rahoto? Human Rights Watch ta ce wasu shari'o'in ko minti 15 ba su kai ba.

Wanda yake ganin abin na 'yan Borno ne kawai ya tuna zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agusta 2024. Da wannan dokar ta ta'addanci aka karɓo izinin kwana 60 a kan waɗanda aka kwaso daga Kano da Kaduna da sauran wurare, sai ranar 1 ga Nuwamba duniya ta ga yara ƙanana a babbar kotun tarayya a Abuja, sun rame, wasu suna zubewa a ƙasa, an sa musu belin naira miliyan 10 kowanne. Sai da hoton ya zaga duniya shugaba Tinubu ya ce a sake su. Dokar da aka ce mana ta masu dasa bam ce, ga inda ta kai.

Yanzu ƙorafina a kan ofishin, kuma ina fata su gani. Na farko waya. Za ka kira har ka gaji ba a ɗauka ba, saƙo ba amsa, an ɗage zama ba wanda zai sanar da kai sai ka rufe shago ka biya kuɗin Keke Napep ka je ka tarar da kotu wayam. Ni a cikin gari nake, ka yi tunanin tsohuwar da ta taso daga sansanin 'yan gudun hijira ko daga Konduga da kuɗin aro. Na san lauyoyin ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba kuma fayil ya yi musu yawa, amma saƙon tes guda ɗaya ba zai gagara ba. Na biyu takardu, duk da Turanci suke, irin Turancin lauyoyi da ko mai digiri sai ya yi da gaske, kuma sau da yawa sakatare zai ce dangwala nan kawai sabida layi ya yi tsawo. Na ga mata suna dangwala yatsa a takardar rantsuwa ba a karanta musu ba, wannan ba daidai ba ne ko da niyyar mai kyau ce, ai irin abin da muke kuka da shi kenan a wancan ɓangaren. Na faɗa wa Barista, ta ce gaskiya ne za su gyara, zuwana na baya na ga ana karanta wa wata da Kanuri amma ban ga an mayar da shi ƙa'ida ba.

Sannan maganar kyauta. Kuɗin lauya kam ba su karɓa, ko ruwa ka kawo sai sun yi maka faɗa. Amma fotokwafi, hoton fasfo, kuɗin rantsuwa, kuɗin motar mai kai sammaci, wannan duk kanka ne in kana da hali, in ba ka da shi sukan cire daga aljihunsu amma sai kes ɗinka ya ɗan jira. Gara su faɗa wa mutum tun farko ya shirya.

Kotu ta yanke cewa tsarewar ta saɓa doka, ta ce a sake shi ko a gurfanar da shi, ta kuma sa diyya. Na ɗauka ranar za mu kwana da shi a gida. Barista ta ce "Malam kar ka sa Mama ta ɗora tukunya tukuna." Rijiya ta bayar guga ya hana, oda na hannunmu ƙofa na rufe. Ta tuna min Sambo Dasuki da kotuna suka yi ta ba shi beli, har kotun ECOWAS ta ce a sake shi a 2016, bai fito ba sai Disamba 2019, da Sheikh Zakzaky da babbar kotun tarayya ta ce a saki shi da matarsa a Disamba 2016 amma sai Yuli 2021 suka fita bayan kotun Kaduna ta wanke su. Ta ce in masu manyan lauyoyi sun ga haka, mai cajin waya sai ya yi haƙuri. Kuma ai shugaba Buhari da bakinsa ya faɗa a taron lauyoyi na 2018 cewa tsaron ƙasa na gaba da bin doka, toh ƙaramin jami'i me zai ji tsoro? A nan ma lauyoyin ba su yi watsi da mu ba, suka yi ta rubuta wasiƙa suna maƙala hukuncin, suka kai kwafi Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, suka fara shirin ƙarar raina kotu. Ana cikin haka aka kira mu aka ce mu zo da mai tsaya masa. Ba caji, ba shari'a, ba wanda ya ce yi haƙuri.

Ya fito ƙafafunsa a kumbure, fatarsa duk ƙuraje, in ya zauna sai ya naɗe jikinsa waje ɗaya ko da tabarmar ba kowa, ya ce haka suka saba sabida ba wajen miƙe ƙafa. Har yau ba ya iya kwana in an rufe ƙofar ɗaki. Shago ya tafi, mai ɗakin ya ba wani. Wasu a unguwa suna gaisawa da shi daga nesa, a wajensu tunda aka riƙe shi haka ai da wani abu. A wannan ɓangaren ofishin ba su da komai, ba likita ba mai ba da shawara, ko sunan inda za ka kai shi ba su ba mu ba sai da na tambaya. Abin da ya ɗan taimaka shi ne kwafin hukuncin mai hatimin kotu da Barista ta nace sai mun karɓa mun yi masa laminetin, shi muka kai wa mai unguwa ya karanta, shi kuma yake sawa a aljihu in zai bi hanyar da ke da shingen bincike.

Diyya kuwa ko kwabo ba mu gani ba. Ta yi min bayani cewa kafin ka taɓa kuɗin hukumar gwamnati da hukuncin kotu sai ka samu amincewar Antoni Janar, wato gwamnatin da ka kayar ita za ta ba ka izinin karɓar kuɗinka. Sun rubuta, muna jira, ni dai ban sa rai ba.

In za ka je, ka je da safe kafin su wuce kotu, ka tafi da hotonsa da duk wata takarda mai sunansa, katin zaɓe ko na ɗan ƙasa ko na makaranta, ka rubuta ranar da aka ɗauke shi da sunan waɗanda suka gani tun kafin mantuwa ta shiga, kuma ka karɓi lambar kes ɗin ka riƙe da kanka yadda ko ba su ɗauki waya ba za ka iya tambaya a rajistarar kotu. Wanda kuma bai ma san wace hukuma ce ta tafi da nasa ba, su da kansu za su ce ya haɗa da yin rajista a wajen Red Cross masu neman waɗanda suka ɓace, sama da mutum 20,000 ke cikin littafinsu a Najeriya, sabida lauya ba zai iya shigar da ƙara ba sai ya san wa zai kai.